Hannu Biyu a Daftari Ɗaya: Nazarin Gyara a Rubutun Haɗin Gwiwa

A shekarar 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malaman boko su gwada rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri, kuma duk wanda ya karanta Hausa a sakandare ya san su: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi. Huɗun farko kowanne suna ɗaya ne a bangonsa. Na biyar suna biyu ne, John Tafida da shi East ɗin. Ashe tun ranar da aka yanke wa ƙagaggen labarin Hausa na boko cibiya, rubutun haɗin gwiwa yana cikin 'yan farko, amma har yau masu nazari ba su cika tsayawa su tambayi yadda mutum biyu suke fitar da littafi ɗaya ba.

Rubuta daftarin farko ba nan ne ake haɗuwa ba. Ko da a tabarma ɗaya suke zaune, mutum ɗaya ne ke ƙulla jimla a lokaci guda. Ko dai su raba babi-babi, ko ɗaya ya ba da labari ɗaya ya zuba shi a takarda. Haɗuwar tana zuwa ne ranar da wannan ya miƙa wa wancan shafukansa, wancan ya ɗauki jan biro. A wannan zaman ne ake gane ko abokan aiki ne su, ko kuwa ubangida ne da yaronsa. Abin da na lura da shi, a tsofaffin littattafanmu da sababbi, shi ne gyaran da ke tsakanin mutum biyu yakan lalace ta hanyar shiru: mai ƙarfi ya gyara bai faɗa ba, marar ƙarfi ya ga kuskure bai furta ba. Faɗa tsakanin abokan rubutu bai taɓa ba ni tsoro kamar wannan shirun ba.

Mu fara da abin da ya gudana a Zariya, tunda shi ne ya shimfiɗa mana tabarmar da muke zaune a kai. Jiki Magayi ya bambanta da 'yan'uwansa huɗu ta fuskar zubi. Ruwan Bagaja jerin abubuwan dariya ne da yawon duniya, za ka iya zare labari ɗaya daga ciki ba tare da littafin ya girgiza ba. Jiki Magayi kuwa ƙulli ɗaya ne daga fari har ƙarshe. Attajiri Malam Shehu ya yi amfani da dukiya ya auri Zainab, wadda Abubakar ke so. Abubakar ya shiga duniya neman abin da zai rama da shi. Ramuwar ta sauka a kan Kyauta, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, ya tashi ɓarawo, har ajalin mahaifinsa ya zo ta hannunsa. Ba babin da za ka cire a nan ba ka tsinke igiyar ba. Masu nazari da dama sun ga wannan ɗaurin, suka jingina shi ga East, suka bar wa Tafida karin magana da sanin al'ada. Wannan rabon ya daɗe yana damuna, domin ba daga takarda aka ciro shi ba, daga zato ne: wai tsari na Bature ne, gishirin magana na Bahaushe. Wanda ya tashi yana jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ya san yadda ake ƙulla makirci a warware shi tun bai ga Bature ba. Littafin da aka buga fuska ɗaya gare shi, ba ya nuna wanda ya kawo wace dabara ko wanda ya soke wace jimla, kuma idan aka rasa wannan shaidar, mutane sukan bai wa mai muƙami abin da ya fi daraja a aikin. Sunan Tafida ne a gaba a bango, amma a nazari shi ne ya koma baya.

Zaman Imam da East ya fi fitowa sarari, domin Imam ya yi magana da bakinsa. A 1936 aka aro shi daga Makarantar Midil ta Katsina, inda yake koyarwa, aka kawo shi Zariya na wata shida. East ya tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da Indiyawa da Turawa, irin su Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamus. Imam yana rubutawa, East yana karantawa, su zauna su tattauna. Daga wannan zaman Magana Jari Ce ya fito, littafi uku, aka fara buga shi a 1937. A wata hira da aka yi da shi a shekarun 1970, Imam ya ambaci wasu daga cikin abubuwan da East ya koya masa. Ɗaya shi ne kada mai fassara ya zama bawan kalmomin asali. In ya fahimci abin da aka faɗa, ya nuna gwanintarsa a harshensa kamar yadda mai maganar ya nuna a nasa. Wani kuma shi ne kada a bar mugu ko macuci ya yi nasara a kan mutumin kirki a ƙarshen labari, komai ƙarfinsa.

Shawarar farko alheri ce tsantsa, kuma ita ta sa yaro a Kano ko Damagaram yake karanta labarin da asalinsa na Bagadaza ne ya rantse a bayan gidansu aka yi shi. Ta biyun kuwa sai a yi mata kallon tsanaki. Ita ce ta sa mugun Waziri a Magana Jari Ce dole asirinsa ya tonu, aku ya gaji kujerarsa, kuma ba wanda zai ce labarin bai yi daɗi ba. Amma ka tuna Imam ɗin da ya rubuta Ruwan Bagaja, inda daɗin littafin duk yana cikin yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suke cutar juna ba ji ba gani. Marubuci mai irin wannan ido ga makirci, an ɗora masa ƙa'idar da ta dace da littafin karatun yara 'yan makaranta, wanda kuwa shi ne abin da Hukumar take bugawa. Ƙa'idar ta wuce Imam, ta bi jinin rubutunmu. Har gobe marubucin Hausa yana jin kamar ya yi laifi idan azzalumi ya mutu a kan gadonsa cikin rufin asiri, alhali kowa ya san hakan na faruwa.

Ba ina rage wa East daraja ba ne. Mutum ne da ya ƙaunaci Hausa, ya yi mata hidima shekaru masu yawa, shi da Imam suka ci gaba da aiki tare a Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939, suka kuma fitar da Ikon Allah da sunayensu biyu. Abin lura shi ne matsayinsa. Shi ne mai karanta daftari, shi ne shugaban ofis, shi ne mai yanke hukuncin abin da za a kai maɗaba'a, ga shi jami'in gwamnatin da ke mulkin ƙasar. Imam kuwa a lokacin saurayi ne ɗan shekara 25. Idan mai irin wannan matsayi ya ce jimlarka ba ta yi ba, da wuya ka tsaya jayayya, ko da zuciyarka na gaya maka ta yi. Wannan salon gyara, na babba ya duba aikin ƙarami, shi muka gada daga Zariya, kuma shi muke kaiwa cikin rubutun haɗin gwiwa ko da mu biyun tsara ne.

Sai dai muna da wani gadon da ya girme wannan, kuma yana nan a kan buzun kowane malamin da ke tafsiri da azumi. Tafsirin Jalalaini aikin mutum biyu ne, shi ya sa ake kiransa haka. Jalaluddin al-Mahalli ya fara daga Suratul Kahfi har Nasi, ya dawo ya yi Fatiha, sai rai ya yi halinsa a shekarar 864 bayan Hijira, wato 1459. Ɗalibinsa Jalaluddin as-Suyuɗi, wanda daga baya ya yi musayar wasiƙu da sarakunan Katsina da Agadas, shi ya ɗauki abin da ya rage, daga Baƙara zuwa Isra'i. Ya yi wannan a 870, bai cika shekara 22 ba, kuma ya gama cikin kwana 40. Wannan adadin kowa ya san shi, ana yawan ambatonsa don nuna baiwar Suyuɗi. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, a wuri guda ya rubuta ranar da ya gama tsabtace kwafin, kuma ta faɗo ne a watan Safar na 871. Daftari kwana 40, bita da sake kwafa kusan wata huɗu.

A ƙarshen Suratul Isra'i, a yawancin bugun da ke hannun mutane, akwai wani ɗan bayani da ɗalibai kan tsallake, wanda ni kuwa nake ganin ya kamata duk mai rubutun haɗin gwiwa ya zauna da shi. An ruwaito cewa ɗan'uwan Mahalli, Kamaluddin, ya yi mafarki da marigayin yana zaune da Suyuɗi a gabansa, yana buɗe shafukan da ɗalibin ya rubuta, yana tambayarsa wane rabin ya fi kyau. Yana nuna masa wasu wurare cikin lallashi kamar mai ƙorafi, Suyuɗi yana ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya, shehin yana murmushi. Ko me mutum zai ce game da mafarki, abin da Suyuɗi ya yi da labarin shi ne darasin. Ya ce aikin malaminsa ya fi nasa nesa ba kusa ba, kuma daga wurinsa ya ɗebo mafi yawan abin da ya rubuta. Sannan bai tsaya nan ba. Ya ce akwai wurare kaɗan, da ba ya jin sun kai goma, inda ya saɓa wa malamin da gangan, ya kuma kawo misali. A Suratu Sad, Mahalli ya yi bayanin mene ne ruhi. Suyuɗi ya ce da farko ya bi shi, ya rubuta wannan bayanin a Suratul Hijri, daga baya ya dawo ya soke shi, domin akwai aya a Isra'i da ta mayar da sanin ruhi ga Allah, don haka kamewa ta fi. A Suratul Hajji kuma Mahalli ya ce Sabi'awa wani ɓangare ne na Yahudawa. Suyuɗi ya kawo haka a Baƙara, amma ya ƙara cewa ko na Nasara, don ya nuna akwai magana ta biyu.

Dubi abin da ke cikin wannan. Yaro ne, abokin aikinsa kuma malaminsa ne, ya riga ya rasu, ba wanda zai kama hannunsa da ya ga dama ya shiga rabin Mahalli ya goge bayanin ruhi don littafin ya tafi da murya ɗaya. Bai yi haka ba. Ya bar maganar malaminsa inda take, ya gyara tasa, ya faɗi wurin, ya faɗi dalili. Ladabi bai hana shi saɓawa ba, saɓawar kuma ba ta ɓoye ba. Ga shi kuma ya bi salon Mahalli sau da ƙafa, na gajerun kalmomi da ake sakawa a tsakanin kalmomin aya, har almajirai da yawa suna sauke littafin ba su ji inda hannu ya canja ba. Muryar ta zama ɗaya ne saboda ƙaramin ya yi nazarin babban har ya iya tafiyarsa, kuma duk da haka ya riƙe ra'ayinsa a inda yake da hujja.

Tahamisi ma wata hanya ce da magabata suka bi don shiga aikin wani ba tare da ɓarna ba. Mai tahamisi yakan ɗauki baiti mai ɗango biyu, ya ɗora masa ɗango uku nasa a sama, su zama biyar, ba ya taɓa ko harafi ɗaya na mai asali, kuma dole nasa ya bi karin waƙar ya dace da amsa-amon ɗangon farko. Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukanmu haka take: asalinta na Alfazazi ne, Ibn Muhibu ya yi mata tahamisi, masu rerawa kuwa ba ruwansu da inda wannan ya tsaya wancan ya ɗora. A gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an yi irin wannan da Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu ya yi da Fulatanci, aka fi ruwaito cewa Nana Asma'u ce ta mayar da ita Hausa, ɗan'uwanta Isa ya yi tahamisi. Ba cewa nake marubutan zube su daina taɓa jimlar juna ba. Labari ba waƙa ba ne, kuma daftarin farko ba nassi ba ne. Abin ɗauka a nan shi ne horon da tahamisi ke yi wa mai shi. Kafin ya ƙara komai sai ya gane inda mai baitin ya dosa, domin ɗangonsa uku dole su gangara su faɗa cikin biyun can kamar dama don su aka yi su. Mai gyaran da bai tambayi kansa me abokinsa yake son cewa ba, abin da shi yake so ne zai rubuta a wurin.

Yau rubutun haɗaka ya yi yawa fiye da kowane lokaci. Marubutan intanet, yawancinsu mata, sukan haɗu biyu ko uku ko fiye su yi littafi ɗaya, kowa da babinta, suna turawa juna ta WhatsApp. Fina-finai masu dogon zango ma ba mutum ɗaya ke rubuta su ba. Na ga yadda irin wannan gyaran ya gudana tsakanin wasu marubuta biyu, babbar Bakanuwa ce da ta daɗe tana rubutu, ƙaramar kuwa Basakkwata, wannan ne littafinta na farko. A babin ƙaramar akwai wata tsohuwa, kakar tauraruwar labarin, wadda take yi wa jikarta faɗa da cewa: "Ke ɗiyag ga, mi kinka yi da kuɗɗin da nib ba ki?" Babbar ta karɓi babin da dare, ta bi shi layi-layi, da safe ta dawo da shi tsaf. Tsohuwar yanzu cewa take: "Ke yarinyar nan, me kika yi da kuɗin da na ba ki?" Ba ta yi da mugun nufi ba. A ganinta ta taimaka ne, ta daidaita Hausar ta dace da sauran babobin. Ƙaramar ta karanta, ta amsa da cewa, "Anti, wallahi ya yi kyau, Allah Ya ƙara basira." Daga wannan babin tsohuwar ta mutu tana raye. Duk inda ta sake fitowa magana take kamar mai karanta labarai a rediyo, domin mai rubuta ta ta daina jin muryar kakarta a kunne, ta koma rubuta abin da ba za a goge mata ba.

A littafin nan kuma akwai kuskure na gaske, kuma a babin babbar yake. Tauraruwar tana cikin takaba a Sakkwato a ƙarshen babi na bakwai, sai ga ta a babi na takwas ta ci ado a wurin kamu a Kano, ba a ce wata nawa suka wuce ba. Ƙaramar ta gani tun karatun farko. Ba ta ce komai ba, don a tarbiyyar da ta taso da ita ƙarami ba ya nuna wa babba kuskure, balle wadda ta yi mata alfarmar haɗa suna da ita. Masu karatu ne suka tono shi bayan an saki babin. Abin da ba kuskure ba an gyara, kuskuren kuma an bar shi, duka biyun saboda ba wadda ta buɗe baki.

Kunya da kara suna cikin abubuwan da suka riƙe zamanmu, ba na fatan mu rabu da su. Amma a kan daftari suna cutarwa, kuma ba a kawar da su da cewa kowa ya saki jiki, domin ƙarami ba zai saki ba. Sai an gina hanyar da za ta ɗauke masa nauyin. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A rubutun haɗaka kuwa kayan dama na su biyun ne, wanda ya ga sun karkace ya yi shiru, kansa ya cuta. Babba ne ya kamata ya fara miƙa nasa babin, ya ce a nemo masa inda bai yi ba, kuma ya ƙi karɓar "ya yi kyau" a matsayin amsa. Idan ƙarami ya ga an karɓi gyaransa sau ɗaya an yi aiki da shi, bakinsa ya buɗe ke nan.

Game da tsarin bitar kanta, kuskuren da aka fi yi shi ne farawa da kalmomi. Gyaran ƙa'idojin rubutu, raba kalma da haɗe ta, ɗigo da waƙafi, shi ne mafi sauƙi, shi ya sa hannu ke rugawa can, kuma mutum ya ji kamar ya yi aiki. Amma ɓata lokaci ne a goge jimlolin babin da ƙila gobe za a cire shi ɗungurungum. Daftarin mutum biyu yana da ciwon da na mutum ɗaya ba shi da shi, kuma ciwon a mahaɗa yake, kamar rigar da tela biyu suka ɗinka, kowa ya yi hannu ɗaya: kowane hannun lafiyarsa lau, sai an saka ake ganin ɗaya ya fi tsawo. Tauraron da yake mai haƙuri a babin wannan ya zama mai zafin rai a babin wancan ba tare da wani abu ya same shi ba. Asirin da ɗaya yake tanadi don ƙarshe, ɗayan ya fasa shi a tsakiya. Abu ɗaya a bayyana shi sau biyu don kowa yana zaton ɗayan bai yi ba, ko a ƙi bayyana shi sam don kowa yana zaton an yi. Irin waɗannan ba a ganinsu sai an ajiye daftarin ya huce, sannan kowa ya karanta shi daga farko har ƙarshe shi kaɗai, biro a ajiye, ya rubuta a wata takarda dabam abin da ya fahimta labarin yake cewa. Sau da yawa idan aka haɗa takardun biyu sai a tarar littafi biyu ake rubutawa ba a sani ba. Wannan saɓanin shi za a fara kashewa, da baki, kafin a taɓa jimla ko ɗaya.

Bayan nan ne musayar babi take da amfani, kowa ya ɗauki na ɗan'uwansa. Laifi tudu ne, mutum yakan taka nasa ya hango na wani, kuma a nan wannan halin ɗan Adam ya zama abin amfani. Sharaɗin kawai shi ne na Suyuɗi: a nuna wurin, a faɗi dalili, a bar tsohuwar jimlar a gani. A takarda wannan yana zuwa da kansa, domin layin da aka ja a kan kalma ba ya hana karanta ta. A waya kuwa gogewa ba ta barin tabo, mai babin sai dai ya ji wani abu ya canja bai san mene ne ba. Ko da saka sabuwar jimlar a ƙarƙashin tsohuwar ne da wata alama, ya wadatar. Kuma dalilin da za a bayar ya zama na labarin ne. "Ni ba haka nake rubutawa ba" ba dalili ba ne. "Wannan matar ba ta taɓa shiga aji ba, ba za ta ce 'bisa la'akari da' ba", wannan dalili ne, ana iya karɓarsa ana iya ture shi da wani.

Karatu a bayyane ya fi kowace dabara tona asirin daftari, musamman idan wanda bai rubuta babin ba ne yake karantawa, mai shi yana saurare. Duk inda harshen mai karatu ya sarƙe, akwai magana. A Kenya an kai wannan matuƙa. A 1977 Ngugi wa Thiong'o da Ngugi wa Mirii suka rubuta daftarin wasan kwaikwayon Ngaahika Ndeenda da harshen Kikuyu, suka kai shi ƙauyen Kamiriithu, aka yi watanni ana gwajinsa a fili. Manoma da ma'aikatan masana'anta suka riƙa gyara musu: dattijo ba ya magana haka, aikin masana'anta ba haka yake gudana ba. Malaman biyu suka karɓa suka sake rubutu. Wasan ya yi tasirin da gwamnati ta hana shi, aka tsare Ngugi wa Thiong'o a ƙarshen wannan shekarar. Malamin jami'a ne, ya yarda wanda bai yi boko ba ya gyara masa harshen uwarsa, kuma wasan ya ƙaru da hakan.

Wuri mafi wuya shi ne yanka. Akwai shafin da yake da kyau ƙwarai, mai shi ya zuba ransa a ciki, amma labarin ba ya buƙatarsa. A ganina ba abokin ne zai cire shi ba. Nasa shi ne ya faɗa, ya kawo hujja, ya ba da lokaci. Cirewar kuwa a bar wa wanda ya rubuta. Shafin da mutum ya cire da hannunsa yakan manta da shi, wanda aka cire masa kuwa yana nan a ransa har bayan an buga littafin, kuma shi ne yakan hana a sake yin na biyu tare. In an kasa daidaitawa, a samu mutum na uku da dukansu suka yarda da shi tun kafin rigimar ta taso, ya karanta ba tare da an gaya masa wane ne ya rubuta wane ba.

Duk wannan ba zai yiwu ba ga masu sakin labari shafi-shafi kullum, ana rubutawa da dare ana watsawa da safe don masu karatu suna jira. Wannan daftarin farko ne ake sayarwa, kuma idan marubuci ɗaya zai iya riƙe zaren labarinsa a ka ya tsira, mutum biyu ba za su iya ba. Masu haɗaka su daure su gama littafin dukansa, ko aƙalla kashi ɗaya cikakke, kafin kowa ya gani.

Akwai kuma aikin da ya rage wa sassan Hausa na jami'o'inmu, a Kano da Zariya da Sakkwato da sauransu. Marubutan da suka yi tashe a shekarun 1980 da 1990, zamanin ƙungiyoyi irin su Raina Kama, inda ake karanta wa juna rubutu ana gyarawa, da yawansu suna raye, wasu kuma littattafan makarantar da suka yi daftari a ciki suna nan a ƙasan akwati. Na yanzu nasu yana cikin wayoyin da za su lalace ko a sace. A je a roƙe su kwafin farko da na ƙarshe, tare da saƙonnin da suka yi wa juna a tsakani, a adana da izininsu. Ɗalibin da aka ba daftari biyu na babi ɗaya ya gano wanda ya canja me da dalilinsa zai koyi yadda ake gina labari fiye da wanda aka sa ya sake rubuta kundi na ɗari a kan jigo da salo.